Laifin Batirin Ba Naki Ba Ne, Siddiƙa

Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya Siddiƙata, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan randata bayan doguwar tafiya!

Kwana uku ke nan ina kulle a ɗakina nan Daura, ni da kwamfuta, ba na fita sai masallaci. Iya ta gaji da kawo tuwo yana komawa yadda ya zo. Wallahi ɗakin nan ya zame mini kurkuku, numfashi ma da ƙyar.

Kin tuna ranar da na zo ƙaramin asibitinku na bayan Mashi, in kafa na'urar da ke gadin sanyin firjin rigakafi? Babur ya kayar da ni a taɓo, na shigo kamar kazar da ruwa ya ba kashi, kika yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan kika dama mini fura. Ni kuwa sarkin cika baki, na bugi ƙirji na ce na'urata ba ta mutuwa. Kaico da wannan baki nawa!

Ga shi ta mutu sau huɗu, alluran yara sun lalace ba ta yi ƙara ba, an miƙa miki takardar tuhuma wai ke kike zuƙe batirin na'urar da cajin waya. Ke da ko biron asibiti ba ki taɓa kaiwa gida ba! Ranar Litinin za ki tsaya gaban kwamiti, aikinki yana rawa.

Siddiƙa, na kama mai laifin, kuma ni ne. A manhajar da ke tafiyar da na'urar akwai sashen raba wuta. Duk ɓangaren da ya karɓi wuta, ƙidaya ta ƙaru da ɗaya. Ya gama ya saki, ta ragu. Sai ta koma sifili ake kashe wutar, batir ya huta. To wajenku kusa da iyaka ne, sabis yana ɗaukewa, kuma in ya ɗauke, ɓangaren aika saƙo da na rubuta yakan fice bai saki wutar ba. Ƙidaya ta yi ta hawa, wuta ta ƙi mutuwa, batir ya ƙare a banza. A Daura na yi gwajina, inda sabis ba ya wannan wasan. Layi ɗaya na manta, ɗaya tak!

Gyaran ko awa guda bai ci ba. Abin da ya ɗaure ni daban ne. In na cusa shi shiru, na'ura ta warke, ba mai sani, ke ki sha hukunci. In na faɗa, ogana a wurin aiki ya sallame ni. Ke kuma fa? Shekaranjiya kin kira kina kuka, na yi ta ba ki haƙuri, alhali na riga na sani. Da wane ido za ki kalli irin wannan mutum? Ina zan sa kaina? Tsoro ne ya rufe mini baki, tsoron rasa ki, kuma ina jin kunyarsa.

Yau da hantsi na tura wa oga gyaran. Na rubuta a samansa cewa kuskuren nawa ne, da cikakken sunana, na aika wa kwamitinku kwafi. Litinin zan zo in maimaita a gabansu, ke kina ji.

Ban isa in ce ki yafe mini ba, hasken raina. In kin yafe, ni naki ne. In ba ki yafe ba, ni dai naki ne, har ranar da za a kai ni makwancina.

Naki, mai laifi,
Kalilu