Victoria Ta Gane Ni

Doha, Agusta 2016

Ɗan'uwa Jesse,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, yaya Maman Victoria? Ni lafiya lau, alhamdulillahi.

Gara ka ji daga bakina: zafin Sanaiya, unguwar masana'antu, ya ɗan kayar da ni a gareji, na kwana biyu a asibiti. Ba wani abu ba ne. Nas ɗin da ta sa mini ruwa ta yi ta kallona, can ta ce, "Baba, ba kai ne na hoton falonmu ba, mai farar hular sojan ruwa?" Ashe 'yarka ce! Har tuwo ta kawo mini.

Na ba ta labarin sansanin horo, ranar da aka jefa mu ruwa, ni ɗan Gusau ban taɓa iyo ba, ka cafko wuyan rigata kana ihu, "Kada ka mutu, wa zai tashe ni fareti?" Ta yi dariya har da hawaye.

An ce an rushe ɗakin kwananmu na can. Da gaske ne?

Don Allah kada matata Safiyatu ta ji zancen asibiti. Kai kuma kwantar da hankalinka, yarinyar nan tana da uba a Doha.

Naka,
Ƙasimu