Kalmomi Bakwai a Jikin Bango

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, da fatan gudu bai yi maka nauyi ba. Mama ba ta san na rubuto ba, a hanyar makaranta zan ba Direba wasiƙar, tunda kullum motarsa tana zuwa garin da kake. Ka san wayar gidan ɗaya ce, kuma Mama ba ta amsa ta sai a lasifika, tana taka keken ɗinki tana sauraro.

Wannan makon Malamar Turanci ta ba mu kalmomi talatin a kan wasanni da 'yan wasa. Ita hadda kawai ba ta gamsar da ita. Ta ce kowace kalma sai mun kamo ta a raye, wato mu nemo ta a jarida ko a allon talla, mu kwafo jimlar da take ciki. 'Yan ajinmu sun tafi wurin mai jarida. Ni ka san ni, na je har bakin teburinsa na juyo, bakina ya ƙi buɗuwa.

Sai na tuna da takardar da sansanin horonku ya aiko wata biyu da suka wuce, mai shuɗin hatimi, wadda Mama ta sa a gilashi ta rataye a falo tsakanin lambobin yabonka. Na hau kujera da littafina. Na samu kalmar mai horarwa, na samu ta gudun dogon zango, har ina murna. Daga nan na samu ta gwajin lafiya. Na samu ta sumewa. Na samu ta bugun zuciya, da ta janye ɗan wasa, da wadda ake faɗa idan mutum bai cancanci shiga gasa ba. Bakwai ke nan cikin talatin, duk a takarda ɗaya. Na rufe littafin na sauko.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da takardar ta zo, Mama ta miƙo min ita a gaban mata biyu da suka kawo ɗinki, ta ce, "Auta, 'yar boko, karanta mana." Na gane sunanka, na gane gaisuwar farko da godiyar ƙarshe. Tsakiyar ta yi min duhu. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba, sai na ce, "Sun ce yana ƙoƙari, suna godiya." Shi ya sa aka rataye ta. Duk baƙon da ya shigo sai Mama ta nuna masa.

Yaya, wa ya suma? Don Allah ka ce min ba kai ba ne.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta sarkin tsoro,

Amin, wa alaikis salam. Ya karatu, ya Mama? Ashe yanzu likita muka samu a gida ba mu sani ba! Kalma bakwai kika koya har kin kwantar da ni a asibiti. Ranar da kika kai ɗari sai mu ƙaura mu bar miki gidan.

Saurara. Ran nan rana ce ta yi zafi, kuma ban karya ba na fita. Jiri ya ɗebe ni, na zauna a ƙasa, aka yayyafa min ruwa na miƙe. Likitan sansani mutum ne mai son rubutu, ko atishawa ka yi sai ya cika shafi. Duk ɗan gudu an taɓa rubuta masa irin wannan.

Ki bar takardar inda take. Tana sa Mama farin ciki, kuma kin san tun rasuwar Baba ba kullum take dariya ba. Kar ki tayar mata da hankali a kan aikin gida na makaranta.

Ga labari mai daɗi ki riƙe: Lahadi ta sama akwai babban gudu, kilomita arba'in da biyu, na kuma karɓi lambar da zan maƙala a ƙirji. Ki ce wa Mama wandon da ta ɗinka min shi zan sa, mai aljihun da ta ce in riƙa sa alewa. Ki kamo sauran kalmominki a wurin mai jarida, ba ya cizo.

Sai na zo da kofi.
Yayanki

*

Yayana,

Ina sake gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya.

Na so in yarda da kai, wallahi na so. Amma ranar Talata muka miƙa aikin. Malama tana bi tebur tebur, tana sa hannu. Da ta zo kaina ta karanta jimlolina bakwai, ta sake karantawa, ba ta sa hannu ba. Ta ce in same ta a ofis idan an tashi. Na zaci duka zan sha.

Ta rufe ƙofa ta ce, "A wace jarida kika ga wannan?"

Na ce a bangon falonmu.

Ta cire tabarau ta ce, "Wane ne shi?"

Na ce yayana ne. Sai kuka ya ƙwace min.

Jiya na kwafo mata takardar gaba ɗaya, lokacin da Mama ta fita sayen zare. Malama ta ƙi fassara min. Ta ajiye ƙamus a gabana ta ce, "Ke za ki karanta, ni zan tsaya kusa." Layi layi muka bi. Yanzu na san abin da ke ciki, Yaya, kuma ba zafin rana ba ne. An rubuta cewa bugun zuciyarka ba ya tafiya daidai idan ka yi nisa da gudu. An ce an janye ka daga gasa har sai babban likitan zuciya ya duba ka. An nemi iyaye su zo. An kuma yi tambaya: ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka nan a danginku?

Wata biyu wannan tambayar tana rataye a kan kujerar da Baba yake zama, babu wanda ya amsa ta. Kai ne ka ɗauko shi daga bakin injinsa ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ka fi ni sanin amsar.

Sannan da na gaya wa Direba ina da wata wasiƙar da zai kai maka sai ya ce, "Wurin wankin motar zan kai masa, ko?" Na ce wane wankin mota? Sai ya kama gyara madubi.

Ashe ba ka sansanin. To wa ya ba ka lambar ƙirjin, alhali an janye ka?

Yanzu ko ƙarar ƙofa na ji sai gabana ya faɗi, in ce saƙo ne aka kawo. A aji Malama ta ce mu haɗa jimla da kalmar layin ƙarshe, na kasa ɗaga biro.

Allah ya tsare min kai.
Auta

*

Auta,

Na ga saƙonki. Direba kuma zai gamu da ni.

Tunda kin iya karatu, to karanta wannan. E, sun sallame ni. Ina wanke motoci a bayan filin wasa, da asuba ina gudu ni kaɗai. Gudun Lahadi na kowa da kowa ne, ka cike takarda a ba ka lamba, babu mai sa maka na'ura a ƙirji. Masu horarwa na wasu ƙungiyoyi za su tsaya a layin ƙarshe suna duba mutum goma na farko. Idan na shiga cikinsu, an buɗe min wata ƙofa.

Ke kina da littafi. Ni me nake da shi? Shekara shida ina tashi kafin kowa. Makarantar da kika iya ni ta gagare ni, ƙafafun nan su ne duk abin da na mallaka. So kike in dawo in zauna ƙarƙashin lambobin nan, mata masu kawo ɗinki suna cewa ga wanda ya taɓa gudu?

Ban je wurin babban likitan ba. Ba wani dalili ba ne, tsoron abin da zai ce nake yi. Ga shi na faɗa, kin ji daɗi?

Sau biyu ne kawai. Na biyun ma ban daɗe ba na farka.

Idan kina ƙaunata, ki yi shiru zuwa Litinin. Kwana biyar ne. Shiru ai ba ya miki wuya, kin fi kowa iya shi.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, ko da kana fushi da ni, don na san za ka yi.

Gaskiyarka, na iya shiru. Shi ne ya rataye takardar nan a bango. Na karanta "sau biyu ne kawai" har takardarka ta yi laushi a hannuna. A ta bango sau ɗaya aka rubuta. Ke nan na biyun kai kaɗai ne, da asuba, a titi, babu mai yayyafa maka ruwa.

Yau da na dawo makaranta na tarar da Mama ita kaɗai tana yanka yadi. Ban cire ko takalmi ba na hau kujera na sauko da gilashin.

Ta ce, "Ke lafiyarki? Za ki fasa min shi!"

Na ce, "Mama, ranar nan ƙarya na yi miki. Ban iya karantawa ba."

Ta ce, "To yau kin iya?"

Na ce na iya.

Ta ajiye almakashi ta ce, "Bismillah."

Na karanta kowane layi da Turanci, sannan in faɗa mata da Hausa, yatsana a kan gilashin. Ban tsallake ko ɗaya ba. Da na zo kan tambayar dangi sai ta dafa teburin yanka ta zauna. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon ƙusar da ke bango, sannan ta ce, "Ni da hannuna nake goge masa ƙura kowace safiya."

Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ce, "Tashi. Ni ma da na tsaya na dubi fuskarki ranar, da na gane. Mutane nake kallo."

Na gaya mata wankin mota, na gaya mata Lahadi. Ta ɗauki waya, ta mayar ta ajiye. Ta ce a waya za ka yi mata dariya ka ce sarkin tsoro ce ta ruɗa ta. Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Babana, ni kofi ban ce ka kawo min ba. Na wanke wa mutum ɗaya kayan aikinsa na ninke bai dawo ya sa ba, ba zan ninke na biyu ba. Ka ba Direba lambar nan gobe. Idan ya iso babu ita, Asabar ina cikin motarsa, Lahadi kuma ina tsaye a gabanka wurin da za ku tashi. Sai ka ture ni ka wuce."

Ni ma zan zo, Yaya, da takardar. Zan nemi masu shirya gudun in karanta musu ita da Turanci. Tun yanzu tsoro nake ji, ni da ko mai jarida na kasa yi wa magana. Amma na san kalmomin, duka bakwai ɗin, kuma na gwada faɗarsu a gaban Malama har sau uku.

Ka ƙi ni idan ka ga dama. Na fi son ka ƙi ni kana numfashi.

Ƙanwarka mai jiran motar gobe,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama. Buɗe ambulan a hankali, akwai fil huɗu a ciki, kar su soke ki. Lambar ce. Ki ce mata kada ta sa wannan a gilashi.

Ban huce ba tukuna, kar ki ɗauka na huce.

Na karɓi kati, Talata da safe zan ga babban likitan. Ki nemi izini wurin Malamarki ku zo tare da Mama, ki taho da ƙamus ɗin. Duk abin da ya rubuta ke za ki karanta min, layi layi. Ko na yi miki ido, kar ki ce min sun ce ina ƙoƙari.

Yayanki