Ƙorafi Kan Hana Juwairiyya Jirgi Saboda Gonar Dawa

Daga: Malam Mika'ilu Dabo,
Gangaren Ɗinya, yankin Bagwai, Jihar Kano.
Alhamis, 12 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'i,
Shirin Jirgin Agajin Yara Masu Rauni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA ƘAUYENMU DAGA SHIRIN JIRGI, DA HALIN DA 'YATA JUWAIRIYYA TAKE CIKI

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, tare da girmamawa ga ofishinka. Ni manomi ne, ina kuma koyar da karatun allo. Ni ne mahaifin Juwairiyya, 'yar shekara bakwai, mai lambar rajista 0418 a shirinku. Ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar Laraba, 14 ga Fabrairu, ma'aikatanku uku suka zo neman wurin da jirgi mai saukar ungulu zai riƙa sauka. Suka zaɓi gonata ta bayan gari, suka jera duwatsu suka shafa musu farin fenti, suka ɗauki hoto. A gaban Mai Unguwa Nababa na shaida musu cewa wannan gona ce, ba fili ba. Shugabansu ya dubi ƙasa, ya tambaye ni ina shukar take. Ranka ya daɗe, a tsakiyar rani fa. Na yi masa bayani cewa a ƙasarmu babu taku goma da ba a nomawa, kuma ruwa na sauka zan shuka dawa, don da ita iyalina suke ci. Suka yi alkawarin dawowa kafin damina su nemi wani wurin. Sun sha fura sun tafi, har yau ba mu sake ganinsu ba.

2. Ranar Talata, 3 ga Satumba, da hantsi, katangar gidanmu ta jiƙe da ruwan kwana biyu ta faɗo wa Juwairiyya a gadon baya. Muka kira lambarku da ƙarfe goma da kwata. Na gaya wa wanda ya ɗauki wayar, har sau biyu, cewa dawa ta fi tsayin mutum a wurin da aka yi wa alama. Ya ce a takardarsa fili ne.

3. Ban tsaya musu ba. Na sa aka yi shela a lasifikar masallaci, jama'a suka fito da adda da lauje, har da matan da ba a saba gani a gona ba. Muka auka wa dawar da ta fara fitar da kai. Wallahi babu wanda ya tsaya tambayata ko na tabbata. Mun kusa rabi jirgin ya iso. Ya zagaya sau uku, muna ɗaga masa riguna da mayafai, muna nuna masa inda muka share. Daga nan ya juya ya nufi kudu. Da ya ba mu minti goma sha biyar, da mun gama.

4. Dole muka ɗora yarinyar a kan ƙyauren ɗaki, muka sa ta a amalanken shanu zuwa bakin titi, daga nan ƙaramar bas ta kai mu asibitin da ya fi kusa. Awa uku da rabi. Lokacin da muka ɗauke ta daga gida tana motsa yatsun ƙafarta, ni da mahaifiyarta Asama'u mun gani da idonmu. Da muka isa ba ta motsa su.

5. Ranar Talata, 10 ga wata, sai ga takarda daga ofishinka cewa an dakatar da Gangaren Ɗinya wata shida, wai wani mutum ya yi shuka a filin jirgi da gangan. Wani mutumin nan ni ne. Gonar da na gada daga mahaifina ce aka mayar filin jirgi a bisa takarda, aka kuma rubuta cewa ni na tare hanyar ceton 'yata. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

6. Likitan da yake duba ta ya ce sai an yi mata aikin ƙashin baya a babban asibiti mai nisa, kafin ranar 20 ga wannan wata, in ana so ta sake takawa. Ya hana a sake sa ta a mota. Asibitin da take kwance yana da filin da jirgi zai sauka. Da likitan ya kira ofishinka, aka ce lambarta tana ƙarƙashin ƙauyen da aka dakatar.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, ba diyyar dawa ba, wannan na bar wa Allah. Ina roƙo a janye dakatarwar, ko a cire sunan Juwairiyya daga cikinta, a tura jirgi ya ɗauke ta kafin ranar da likita ya yanka. In hukunci ya zama dole, a yi shi a kaina, zan zo ofishinka duk ranar da aka kira ni. Sannan a turo wanda zai zauna da Mai Unguwa a zaɓi wuri na gaskiya, don akwai sauran yara a garin.

Ranka ya daɗe, jiya da la'asar Juwairiyya ta ce in matsa mata ƙafafu. Na daɗe ina matsawa da hannu biyu, sai ta tambaye ni yaushe zan fara.

Ina jiran amsarka cikin ladabi da biyayya. Allah Ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Malam Mika'ilu Dabo
Mahaifin Juwairiyya

Kwafi zuwa ga: Mai Unguwa Nababa, Gangaren Ɗinya.