Daga Inda Silima Take a Da

Santa Rita, Talata

Yaya Remigia,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafar nan taki ta bar ki kin runtsa, da fatan kuma rumfata tana nan inda na bar ta, ba ki rabar da kayan don tausayin duk wanda ya yi miki tari ba. Ni dai na iso lafiya, in ban da ƙashin bayana da na baro tsakanin Matagalpa da nan. Motar ta kwaso mu da kaji da buhunan taki da wani alade da ya fi direban ladabi.

Ki faɗa wa 'yata Noemi ta daina ɗaure min fuska daga nesa, ina ji a jikina. Alkawarin da na yi mata nake cikawa: ba zan ce e ko a'a a kan Wilmer ɗin nan nata ba, sai na ga gidan da zai kai ta da uwar da za ta zauna da ita. Gaskiya ne sau biyu yana zuwa gaishe ni ina sulalewa ta bayan rumfa, ko kalar fuskarsa ban sani ba. To me zan gani a jikin saurayin da ya yi wanka ya sha rigar aro? Tumatirin saman kwando kowanne kyakkyawa ne. Ni na ƙasa nake dubawa.

Shi ya sa ban zo a uwar kowa ba. Na ɗauko jakar koli, allura da zare da madubai da 'yan kunne, na ce daga Granada nake. Ba wanda ya ɗago ni. Mutanen ƙauye, Yaya, zuciyarsu kamar ƙofar coci take, kullum a buɗe.

Ina sauka na tambayi inda baƙo ke kwana. Direban, Don Lencho, ya nuna da leɓe ya ce, "Daga inda injin niƙa yake a da, layi ɗaya yamma, gida mai shuɗiyar ƙofa. Ki ce Doña Tila." Wata mai lemo ma ta bar kayanta ta rako ni har bakin ƙofa. Doña Tila gajeruwa ce mai faɗi, muryarta tana kaiwa bayan dutse. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shigo, 'yar birni, kafin sanyi ya cinye ki a cikin wannan 'yar rigar." Na tambayi kuɗin ɗaki, ta ce, "Ci tukuna. Ba na ciniki da mai jin yunwa, kada a ce na cuce ta." Shinkafa da wake, cuku mai gishiri, tortiya, wainar masarar nan, da zafinta daga kasko. Na ci har na kwance maɓalli.

Tana da ɗa guda a gida, dogo, shiru-shiru, kowa Damo yake ce masa. Yana ganina ya saki bokitin ruwa a kan ƙafarsa. Kunyar baƙi ce.

Saura gidan su Wilmer. Noemi ta ce daga inda silima take a da, layi uku gabas. A Masaya in aka yi irin wannan kwatancen ko jinjiri ya gane, a nan kuwa ni ce jinjirar. Gobe zan fara. Ki ba Don Lencho amsa, yana biyowa ta kasuwarmu.

Ƙanwarki,
Casilda

Masaya, Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Casilda,

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, da roƙon Allah ya tsare ki a baƙon wuri, wasiƙarki ta same ni. Ƙafata da sauƙi. Rumfarki tana nan, kuma ban yi wa kowa ragi ba sai waɗanda suka cancanta.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ban taɓa zaton ƙanwata mai furfura za ta hau mota ta je ta shuka ta a garin wasu ba. Ba na goyon bayan wannan shiri, kuma ina so ki san haka.

Na karanta wa Noemi wasiƙar. Ta saurara a tsaye, hannu a harɗe. Da na zo kan shuɗiyar ƙofa da bokiti, sai ta cusa gefen rigarta a baki ta fita da gudu, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, domin ta dawo da hawaye. Amma ta zauna ta cinye faranti biyu, abin da rabonta da shi tun ranar da kuka yi faɗa. Ban gane wa yaran yanzu ba.

Kada cin abincin ya ruɗe ki. Ta faɗa mini a fili cewa da an gama tsinkar gahawa za a ɗaura auren, da ke ko ba ke, kuma ta fi so da ke. Taurin kanki ta ɗauko. In kika ja ta ja, igiyar ce za ta tsinke, ni kuma ba ni da ƙarfin ƙulla ta.

Ki nemi rigar sanyi.

Yayarki mai ƙaunarki,
Remigia

Santa Rita, Litinin

Yaya malama,

Na gaishe ki, na kuma karɓi wa'azi, Allah ya ba da lada.

Silimar nan ta zama min aljana. Na tambayi wanzami, ya ce, "Silima? Ai ita ce daura da inda kantin magani yake a da." Na ce ina kantin maganin yake a da? Ya ce, "Daura da silima mana, uwargida." Mai gyaran takalmi ya tura ni bakin rafi, ta bakin rafi ta tura ni bayan maƙabarta. In na ce gidan Zeledón nake nema, wato sunan zuriyar su Wilmer, sai a ce wanne, rabin garin Zeledón ne, sauran rabin kuma sun aure su. Duk ƙofar da na tsaya sai an zaunar da ni an ba ni kunun masara. Madubaina sun ƙare, cikina ya ƙaru.

Amma garin da daɗi, ba zan ci amanarsa ba. Da safe hazo yana sauka har tsakar gida kamar ya zo aron wuta. Na bi mata tsinkar gahawa da kwando ɗaure a ƙugu, suna yi min dariya wai ina zaɓar 'ya'yan kamar mai zaɓen miji. Jiya bayan coci aka fito da makaɗan marimba, wani tsoho marar haƙori ya cire hula ya ja ni rawa, na nuna masa yadda ake yi a Masaya har mata suka yi guɗa.

Damo kuwa hannunsa yana da albarka, ya gyara min madaurin jaka ban roƙe shi ba, amma a ciniki sakarai ne. Na ga ya sayar da ayaba a farashin farko da aka taya. Na ce, "Kai, ɗan nan, ba a haifi mai sayen da ke faɗin gaskiya a tayin farko ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Mama." Ina koya masa a hankali.

Yanzu ga maganar. Da na gaji da yawo sai na koma wa uwar ɗakina. Na ce, "Doña Tila, kin san wani Wilmer Zeledón?"

Ba ta daina taɓa ƙullu ba ta ce, "Tun yana yawo tsirara."

"Yaya yake?"

"Yaron ba laifi, sai sanyi kamar ruwan randa. Uwar ce matsala."

Na gyara zama.

"Bakinta ya fi reza. In tana minshari karnuka amsawa suke. Rufin madafinta yana yoyo tun zamanin kakanta. Ta taɓa bin Fada, limamin coci, da tsintsiya har titi don ya ce miyarta ta yi gishiri."

Damo yana gefe yana faskare, ya ce, "Mama, ki ji tsoron Allah."

Tila ta ce, "Rufe min baki, manya na magana."

Na ce na ji wai 'yar birni zai auro. Ta ce, "Haka aka ce. Allah dai ya sa ba ta ɗauko uwarta ba, an ce ita ma ba kanwar lasa ba ce." Na kusa shaƙewa da gahawa, amma na daure. Minsharin dai ga alama ciwon matan garin ne, don ita ma Tila tana jan nata.

Don haka ki faɗa wa Noemi na ce a'a. Ita kaɗai gare ni, Yaya. Ba zan miƙa ta ga matar da ta kori Fada ba, a kan dutsen da in ta yi kuka ba zan ji ba. Da irin gidan Doña Tila ne, da na rufe ido na bayar.

Taki,
Casilda

Masaya, Laraba

Casilda,

Ina gaishe ki, amma a taƙaice.

Ban isar da saƙonki ba. Na ce wa yarinyar kina lafiya, wanda gaskiya ne. Ta riga ta sauko da akwatin mahaifinta daga saman kabad, ta goge shi, ta ajiye a bakin gado. In na faɗa mata wannan kalmar yau, ba na jin za ta jira ƙarshen tsinkar gahawa.

Ke ce kullum kike cewa ba a cinikin biri a sama. Kin ce sai kin ga gida da uwa. Ba ki ga gida ba, ba ki ga uwa ba, kin ji gulma a bakin murhu kin yanke hukunci. Ki daina tambayar waɗanda suka ji labarin silimar, ki nemi wanda ya taɓa shiga cikinta da ƙafarsa. In kin tsaya a ƙofar gidan kin gani da idonki, har yanzu kuma a'a ce, zan isar, ko da za ta tsane ni tare da ke.

Allah ya ba ki basira.

Yayarki,
Remigia

Santa Rita, Juma'a

Yaya, gaisuwa, kuma ki zauna kafin ki karanta.

Na bi shawararki. Na samo wani tsoho, Don Anastasio, wanda shi ne mai yagar tikiti a ƙofar silimar a zamaninta. Kurma ne tilis, shi ya sa duk abin da ake ƙullawa a garin bai kai kunnensa ba. Na yi masa ihu a kunne, fuskarsa ta washe, ya kama hannuna ya kai ni wata gonar ayaba da aladu ke kwance a ciki. Ya ce, "Nan allo, nan kujeru, can kuma inda kike tsaye masoya ke zama."

Na juya gabas na kama hanya. Ina tafe ina ganin kawuna suna leƙowa ta tagogi, wanzami ma ya fito da almakashi a hannu. Na iso wani gida ta bayansa, da bishiyar lemo, da gahawa shanye a siminti. Na ce a raina, to, gidan ba laifi. Sai na ɗaga kai na ga wani jan fatari a kan shinge. Na ce wannan matar ta iya zaɓe, irin nawa gare ta. Na matsa. Har da facin da na yi masa da baƙin zare.

Fatarina ne, Yaya. Da hannuna na shanya shi da safe.

Doña Tila tana zaune a inuwa da kofuna biyu. Ta ce, "Kin daɗe, suruka. Gahawar ta kusa hucewa."

Na ja kujera na zauna. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun Matagalpa. Lencho ya ce yana ganin wushiryar nan da tafiyar nan kamar mai zuwa kashe gobara, ya san Noemi ce ta tsufa. Kafin ki sauke jaka gari ya gama shiri."

"To me ya sa kika ɓata kanki haka?"

"Wanne ne ƙarya a ciki? Da kin zo a suruka, da na yanka kaza, na aro kujerun maƙwabta, na ɗaure bakina da igiya, ki koma ba ki ga komai ba. Yanzu kin ji minsharin, kin ga yoyon, kin ga yaron kafin ya wanke fuska. Abin da 'yarki za ta tarar ke nan."

"Fada fa?"

"Shi ya ja. Miyar daidai take."

Na ce, "To ki sani, saboda bakin nan naki na rubuta a'a ranar Litinin."

Murmushin nan nata ya ɗauke. Ta ajiye kofin. Ta ce, "Ta ji?" Na ce yayata ta riƙe saƙon. Ta yi alamar gicciye ta ce, "Allah ya yi wa yayarki albarka. Da na kashe ɗana da wasa." Daga nan ban san wa ya fara ba, muka kama dariya har muka riƙe juna, na bayan shinge suka taya mu. Lencho ya ce daga yau kwanar nan sunanta inda 'yar birni ta gane fatarinta.

Sai ga Damo, wato Wilmer, hula a hannu, gumi har wuya. Ya ce in zo in ga wani abu. Can bayan lemon yana gina ɗaki, ginin ya kai taga. A jikinsa akwai wani ƙarami da ko rufi bai samu ba. Na ce wannan na kaji ne? Ya ce, "Naki ne, Mama. Noemi ta ce ba za ki iya daɗewa ba ki gan ta ba, ita ma ba za ta iya ba."

Na ce masa ƙura ce ta shiga min ido. Ban ba shi amsa ba, na ce amsar tana da mai ita. Ga 'yar takarda nan a naɗe, ki miƙa mata, kada ki buɗe, na san ki da son duba aikin yara.

Ƙanwarki da aka sayar a kasuwar ƙauye,
Casilda

Noemi, 'yata,

Na gaishe ki, marar kunya, kin sha dariya kin ƙoshi.

Na yarda. Ku taho ranar Lahadi ke da Inna Remigia, ki zo min da babban almakashina da yadin nan mai furanni da na hana kowa, tagarku tana buƙatar labule. Ban faɗa wa yaron ba, ke za ki faɗa masa da bakinki, in bai suma ba kafin ki iso.

Kada ki yi kuka a mota. Hanyar duk ramuka ce, za ki ciji harshe.

Uwarki,
Casilda