Garin da Ba a Ciwon Daji

Litinin, 3 ga Maris

To, an kawo ni ƙauye. Maigida ya sauke akwatina a ɗakin baƙi na gidan uwarsa, ya sha ruwa, ya juya birni tun rana ba ta karkata ba, wai kada yara su taso makaranta su tarar ba kowa. Ni kuwa ga ni da nono ɗaya da ledar magunguna, an ce in shaƙi iska mai kyau.

Taswirar nan ce ta ja mini. Tana manne a bangon ɗakin jira na asibiti, kusa da fankar da ba ta juyawa. An shafa wa birni ja, an shafa wa yankunan karkara kore, wai yawan masu ciwon daji ke nan a kowane wuri. Duk ranar da ake ƙara mini ruwan magani a gabanta Maigida yake zama. Tun yana kallo don kashe lokaci har ya haddace ta. Rannan ya ce, "Kin ga garinmu? Kore shar. Hayaƙin birni da abincin gwangwani ne suka kama ki."

Saura gashi da injin asibiti. Likita ta ba ni sha huɗu ga Afrilu a fara gasa wurin da aka yanke. Ta ce in layina ya wuce sai bayan watanni, ciwon kuma ba zai zauna ya jira ni ba. Na faɗa masa. Ya ce, "Ki ɗan farfaɗo tukuna, sai mu gani." Na san wannan sai mu gani ɗin. Da shi keken ɗinkina ya shekara a lalace.

Alhamis, 6 ga Maris

Uwar mijina ta ware mini kofi da kwano, ta ɗaura wa kofin jan zare don kada a yi kuskure. Na ce, "Inna, ba a ɗauka fa." Ta ce, "Ai don tsafta ne."

Mata suna ta shigowa gaishe ni. Gaisuwa ko kallo, oho. Kowacce idonta a ƙirjina, tana neman ɓangaren da babu. Inna kuwa ta samu abin faɗa: "Mu nan ba mu san wannan ciwo ba. Na 'yan birni ne, masu wuni a kujera. Ni haihuwa takwas, ban taɓa kwana a asibiti ba." Sau uku ta faɗa yau, kowane zuwan baƙi sau ɗaya. Na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ma na shaƙi iskar. Ban ji komai ya sauya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Maƙwabciyarmu mai kaji ta kawo mini ƙwai a bakin zanenta. Ita kaɗai ce ta zauna a kan tabarmata ba ta ja jiki ba. Muna hira ta ce yayarta ta rasu bara. Na tambayi me ya same ta.

"Ciwon ciki ne. Cikin ya yi ta hawa, ita kuma tana ta bushewa."

Mijin yayar fa? Shi tari ne, har da jini. Matar mai injin niƙa jini ya tsinke mata bayan ta daɗe da daina al'ada, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ta tafi. Na ce an gwada su? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko sun hau jirgin sama.

"A gwada a ina? Lokaci ne dai ya yi."

Na kasa cin ƙwan.

Talata, 18 ga Maris

Tabon aikin yana mini ƙaiƙayi, na taka zuwa ɗakin shan magani. Ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya da katifar roba da ta tsage, sikeli na jarirai, kwalin safar hannu da babu komai a ciki. Malamin da ke wurin mutumin kirki ne, ya duba ya ce ba ruwa, in ci gaba da shafa man. Na tambaye shi ko yana samun masu irin ciwona. Ya yi 'yar dariya, ya ce shi zazzaɓi yake iya ganewa da gudawa da naƙuda. Wanda ya fi ƙarfinsa yana cewa a tafi birni, mafi yawa kuma gida suke komawa.

Ashe koren ke nan. Ba wanda ya duba, sai aka ce babu.

Na hau tudun bayan makaranta, nan ne kawai waya ke kamawa, na kira Maigida na zayyana masa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ke dai ba kya son zaman ƙauye. Masana ne fa suka zana abin nan." Ya ba ni yara muka gaisa. Ƙaramar ta ce wa zai yi mata kitso. Na ce gwaggonta. Na sauko daga tudun ina kuka kamar sakarai, awaki suna kallona.

Asabar, 22 ga Maris

Tsohuwar nan Inna da turare. Safe turare, rana turare, har kaina ke sarawa. Na ɗauka don ni take yi, wai ina wari.

Amma na lura da hagu take ɗaukar buta, da hagu take shara. Ga zafin nan, ita da mayafi biyu. Ina ruwana.

Laraba, 26 ga Maris

Da hantsi na zaga bayan ɗaki zan yi shanya. Ban san tana wurin ba. Ta tuɓe zuwa ƙugu tana zaune a kan turmi da aka kifa, tana ɓanɓare tsumma daga nononta na dama.

Warin na fara ji. Na san shi. A ɗakinmu na asibiti akwai wata da ta zo a makare, gadonta na bakin taga, irin warin ke nan. Ba turaren da ke rufe shi.

Nonon ya fashe. Fatar ta yi tauri ta yi baƙi, har hammata. Ta shafa wani baƙin gari a kai.

Muka kalli juna. Na ajiye bokitin na koma ɗaki. Abin da ya fara zuwa raina ba zan rubuta ba. A'a, bari in rubuta, wa zai gani. Cewa na yi, to, 'yar garin kore, sannu.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta shigo ɗakina. Tun da na zo ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Ta zauna a gefen gado tana murza bakin mayafi.

"Maruru ne. Ya kusa bushewa."

Na ce tun yaushe?

"Tun kafin naki."

Tun kafin nawa. Tana ji ana yanka ni, tana aiko da gaisuwa, tana cewa ciwon 'yan birni.

"Kada ki faɗa masa, 'yar nan. Naki ma ya ishe shi. Kuma ni ba za a tuɓe ni gaban yara a yanke ni ba. Da jikina na zo, da shi zan koma." Ta faɗa tana kallon gefen rigata da ya lotsa, sannan ta kawar da kai.

Ban ce zan faɗa ba, ban ce ba zan faɗa ba.

Litinin, 31 ga Maris

Saura mako biyu gashi, ba wanda ke maganar mota.

In na faɗa, taswirarsa ta rushe, dole ya kwashe mu. In na yi shiru, na riƙe mata amana, mu mutu tare a cikin iska mai kyau. Ban ma yi alkawari ba, amma tun ranar take zuba mini abinci da yawa, yau har ta cire jan zaren daga kofi. Toshiyar baki ke nan. Na mayar da zaren da kaina.

Gaskiya ba tausayinta ke hana ni barci ba. Layina nake tunani.

Asabar, 5 ga Afrilu

Maigida ya zo. Ya kawo lemo da sabulu, bai kawo yara ba. Muna zaune a inuwar tsakar gida ya dube ni ya ce na yi kyau, na ciko. Kumburin magani ne, amma shi ya ga aikin iska. Na ce sha huɗu ga wata fa? Ya ce ya yi shawara da mutane, gashin nan ƙona mutum kawai yake yi, tunda ga sauƙi ya samu a bar shi.

"Dubi Inna," in ji shi. "Shekara nawa, ko ciwon kai."

Inna tana tsince shinkafa da hannun hagu, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Ka ce ta ɗaga hannun dama."

Ya ce me? Na maimaita. Na ce ka ce ta cire mayafin nan, ka matsa kusa, ka shaƙi iskar garinku da kyau. Da ƙarfi na faɗa, har mai kaji ta leƙo ta katanga. Tiren ya zame daga cinyar Inna, kaji suka yi kan shinkafar. Ya durƙusa a gabanta yana "Inna? Inna?" kamar yaro. Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

Da zan iya faɗa a hankali, a ɗaki, mu biyu. Na sani. Ban ga dama ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Shi ma ba ya iya haɗa ido da ni. Jibi za mu tafi, mu uku. Na samu abin da nake so, sai ɗaci a bakina.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Asibiti. A wurin yankar kati yarinyar ta tambayi inda Inna take zaune, Maigida ya ba da adireshin gidanmu, wai don a same mu da sauƙi. Yarinyar ta ce haka kowa ke yi. To, ga Inna ta zama 'yar birni, za ta ƙara wa janmu ja, garinsu yana nan kore. Na buɗe baki zan yi magana, na fasa.

Likitata ce ta duba ta. Inna ta ce ba mai shiga da ita, don haka muka zauna a benci. Da likita ta fito ta kira shi gefe, amma ina ji. An ɗebi nama za a gwada, sai dai ta ce ko ba a gwada ba abin ya yi nisa, ya wuce yanka. Za a ba ta ruwan magani don ya lafa, a rage mata zafi, a riƙa wanke wurin safe da yamma. Ta tambaya, "Wa zai riƙa wanke mata?" Ƙanwarsa ta riga ta ce ita ba ta iya ganin jini.

Ya bi ta ƙofar baya da za mu fita, don kada mu ratsa ɗakin jira.

Litinin, 14 ga Afrilu

An fara gashi. An zana mini layuka a ƙirji da alƙalami, an ce kada in wanke. Injin yana ƙara, ba zafi. Na kai. Na zaci zan yi murna.

A gida an ba Inna ɗakin ɗinkina, an tura keken lungu. Har yau ba ta ce mini uffan ba. Maigida ya gwada wanke mata, ya fito ya yi amai a bayan gida.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ni nake wankewa. Ba don komai ba, warin ne ke shiga ɗakin yara, kuma na ga yadda ma'aikatan jinya ke yi, na iya. Ruwan gishiri mai ɗumi, auduga, kada a ja tsumma sai ya jiƙa. Tana juyar da kai bango, ni ma ba na magana. Haka muke tun shekaranjiya.

Yau ina naɗe bandeji ta yi magana, fuskarta a bango. "Gobe za su sa mini ruwan nan."

Na ce haka ne.

"An ce gashi yana zubewa."

Na ce yana zubewa.

"Duka?"

Duka. Har gira.

Na ɗauka ta gama, na fara tattara auduga. Sai ta ce, "Yana dawowa?"

Ban san me ya same ni ba. Tun da ya zube ba wanda ya ga kaina, ko Maigida, ko yara, da ɗankwali nake kwana. Na tura ƙofa da ƙafa, na kwance, na sunkuya. Ya ɗan tsiro, laushi kamar na jariri, rabi fari. Ta ɗaga hannun hagu ta shafa, daga goshi zuwa ƙeya, ta sake shafawa. Tafinta kaushi.

"Ai kuwa yana dawowa," ta ce.

Nata ba zai samu lokacin dawowa ba. Likita ta faɗa, ina ji. Na ce, "Yana dawowa, Inna."

Gobe tare za mu tafi. Hanya ɗaya ce dai, ba wani abu ba. Zan kai mata bargo, ɗakin ƙarin ruwan nan sanyi gare shi, ba wanda zai tuna ya faɗa mata.