Ni Na Dafa Shinkafar Nan

Zuwa ga malamata, hasken safiyata, ruwan sanyin da nake sha a zuci duk lokacin da zafin injin guga ya gasa ni, inuwar da na duba duk itatuwan garin nan ban ga irinta ba, matata da yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta ɗaga mini waya ba.

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Amma ki sani tun daga nan, wannan takarda ba ta ban haƙuri ba ce. Na saba ba ki haƙuri ko da ni ke da gaskiya, kuma ban taɓa jin nauyin yin haka ba, don ke ko fushi kike yi kyau kike ƙarawa, kamar hadarin yamma da ya haɗo yana shirin zubar da ruwa. Wannan karon kuwa ban yi laifi ba, kuma ba zan ari laifi in yafa don a zauna lafiya ba. Shinkafar da kika gani a farantina ranar Asabar ɗin nan ni na dafa ta. Ni ɗin nan, mijinki, wanda kika raɗa wa suna Ƙona-Ruwa.

Bari in tuna miki yadda aka yi, don na ji labarin ya yi ƙiba a hanya. Muna hira ta bidiyo da rana, kika ce in juya wayar ki ga ɗakina. Kika ga gado, kika ga rigar aikina a rataye, sai idonki ya sauka a kan tebur. Farar shinkafa ce a faranti tana tururi, ta yi wara-wara, kowace ƙwaya ta kama gabanta. Kika tambayi wanda ya dafa. Na ce ni ne, ina washe baki ina jiran yabo. Kika dube ni irin kallon da kike yi wa ɗalibin da ya kawo aikin gida da rubutun babarsa, kika ce sai anjima. Anjimar ce har yau ba ta zo ba.

Sauran kuma a bakin Auta ƙanwata na ji. Ta ce ashe kin ɗauki hoton farantin kin kai wa Gwaggonki, Gwaggo ta sa tabarau ta juya wayar sama da ƙasa, ta yanke hukunci cewa wannan dahuwa hannun mace ce, kuma mace mai natsuwa, wadda ta san gidan ba yau ba. Ta ce namiji in ya yi nisa cikinsa ne limaminsa, duk inda ya juya nan yake bi. Auta ta ce washegari kika kulle ɗakinmu, kika ɗauki akwatinki da littattafan makarantarki kika koma gidan Gwaggo, kuma har an fara zancen a kira babban yayanki a zauna a kan maganar aurenmu. Aurenmu, malamata! Shekara huɗu da muka gina da hannunmu za a ɗora a kan faranti ɗaya a auna?

Ban ga laifinki gaba ɗaya ba, don kina da hujja, kuma ni na ba ki ita. Kin tuna watanmu na biyu da aure, da zazzaɓi ya kwantar da ke, na ce yau ni zan shiga kicin? Kika lulluɓa da bargo kika zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa kina ba ni umarni da muryar da ba ta fita sosai. In baza a tire in tsince tsakuwa. In wanke sau uku har ruwan ya daina fari. In zuba ruwa ya sha kanta, in bar ta ta dahu a hankali. Na yi duka, sai dai na tsaya kallonki, don zazzaɓin ya sa idanunki sun yi wani irin haske, har ƙauri ya cika gidan. Kika ci ƙanzon nan cokali huɗu kina dariya kina tari, kika ce in dai kina numfashi ba zan sake taɓa tukunya ba. Na riƙe ranar nan kamar yadda ake riƙe hoton da babu kwafinsa. Ashe ita ce za ta zama shaidar da za a kafa a kaina.

To saurari abin da ba ki sani ba, don na ɓoye miki shi da gangan. Wata huɗun farko da na yi a nan ƙasar waje, burodi da shayi ne suka riƙe ni. Ina shiga wurin wanki ƙarfe shida na safe, ina loda zannuwan gado a inji, ina jan su a jiƙe da nauyinsu, ina tura su cikin injin guga har ƙarfe biyu, hutun minti ashirin ne kawai a tsakani. In na dawo gida, mu biyar ne a kan kicin ɗaya mai murhu biyu, ɗaya ma sai an daddaɓe shi yake kamawa. Kowa yana tsaye da tukunyarsa yana kallon ƙeyar na gabansa. Wa zai ba Ƙona-Ruwa minti arba'in ya yi gwaji? Na huda wa bel ɗina sabon rami sau biyu. Duk ranar da za mu yi bidiyo sai in sa rigar sanyi mai kauri in matso da fuskata kusa da waya, don kada ki ga wuyana. Kika ce na yi haske. Yunwa ce, ranki ya daɗe.

Rannan na ce ba zan mutu da burodi a baki ba, na shiga babban kantin da ke bayan tashar bas neman shinkafa. Layi guda cur na tarar, daga sama har ƙasa, rubutun jikinsu kuwa da kyar nake haɗa baƙi biyu. Na ɗauki wata gajeruwa mai ƙiba, ta fito a dunƙule tana manne wa cokali. Na ɗauki wata ja, na yi kusan awa a kanta tana nan kamar tsakuwa, har direban bas da ke ɗakin kusa da nawa ya tambaye ni ko wake nake dafawa. Sai a zuwa na huɗu, da na durƙusa ɗaura igiyar takalmi, na hango wani kwali a can ƙasa kusa da gwangwanayen wake, da hoton agogo a jikinsa da lamba biyar. Minti biyar! Na rungumo shi kamar na tsinci ɗan'uwa a baƙon gari.

Kin san abin da na yi da ita? Abin da malamata ta koya mini. Na baza ta a tire ina neman tsakuwa, mutanen gidan suna wucewa suna leƙe, babu tsakuwa ko ɗaya, amma ban yarda ba sai da na bi ta ƙwaya-ƙwaya. Na wanke ta sau uku. Na ga tana laushi a hannuna tun a wanki, na ce wannan shinkafa akwai ladabi. Na zuba ruwa ya sha kanta, na ce minti biyar ɗin nan ƙaryar 'yan kasuwa ce, matata ta fi su sani, na ba ta minti ashirin da biyar. Abin da na sauke, da na kafa cokali a tsakiya sai ya tsaya da ƙafarsa. Washegari na rage ruwa na bar lokacin yadda yake, ta kama ƙasa, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta gidan ta ɗauki kuka, mutum biyar muka tsaya a matakala, direba da tawul a ƙugu yana zagina da yaren da na gode Allah ban iya ba. Kwali biyu na kashe a haka, kuma duk a kan bin koyarwarki sau da ƙafa.

Yanzu ga wanda Gwaggo take nema, don lallai akwai hannun wani a cikin farantin nan, ba zan ɓoye ba. Yana da sanƙo da furfurar gashin baki, shekarunsa sun haura sittin, shi ke share wurin aikinmu, muna ce masa Tsoho. Ya same ni a lokacin hutu ina yanka shinkafata da gefen cokali, ya zauna ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni me ta yi mini. Da na nuna masa kwalin a waya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da rabin yare da rabin hannu ya fahimtar da ni cewa wannan shinkafa an riga an dafa ta an busar tun a masana'anta, ba ta son wanki, ba ta son wuta, ruwan zafi kawai take jira ta farfaɗo. Ya ce shi ma sai da matarsa ta rasu, bayan shekara talatin da ɗaya tana dafa masa, ya san inda ake kunna murhu, kuma da wannan ya fara. Da ya faɗi haka sai ya shiga juya kofin shayinsa. Ni kuwa a take na ji tsoron duniyar da babu ke a cikinta.

Ga yadda ake yi, ki karanta wa Gwaggo da ƙarfi. Kofi ɗaya na ruwa, gishiri kaɗan, man girki rabin cokali, a bari ya tafasa. A zuba shinkafa kofi ɗaya, a juya sau ɗaya, a sauke daga wuta, a rufe. Minti biyar ba a ɗaga murfi. Sannan a buɗe a barbaza da cokali mai yatsu. Shi ke nan. Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin ɗaga murfin nan, hannuna har ƙaiƙayi yake yi, zuciya tana ce mini tana can tana lalacewa. Tsoho ya ce in sa hannun a aljihu in ƙyale ta, abin da ke ciki yana yin abin da ya kamata ko ba a leƙa ba. Ranar da ta fara fitowa daidai na zauna a bakin gado da farantin a cinya, ban iya ci ba sai da ta huce, don ke kaɗai nake so ki gani. Sati uku ina maimaitawa don in tabbatar ba sa'a ba ce. Farantin Asabar ɗin nan ban manta shi a tebur ba, ajiye shi na yi daidai inda idonki zai faɗa. Kyauta na shirya miki, malamata, aka karɓe ta a matsayin shaidar cin amana.

Shi ya sa ba zan rantse ba, ba zan turo Tsoho ya yi bayani ba, ba kuma zan koma cin burodi don hankalin Gwaggo ya kwanta ba. Wato da kin gan ni a rame ina kaɗa shayi da kin yarda ina sonki, da kika ga na ƙoshi sai na zama abin zargi? Yunwata ce kaɗai shaidar amanata? Ina ƙaunar Gwaggo, ita ta riƙe ki, kuma na san tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Amma ba ta san mijinki ba. Cikina bai taɓa ja na ko'ina ba. Zuciyata ce take ja na, ita kuwa hanya ɗaya ta sani, ta bi ta tashar bas, ta haye teku, ta tsaya a ƙofar ajin da kike koyarwa tana jiran a tashi. Ke ce ruwan farkon damina a wurina, ke ce iskar da ke shigowa in an buɗe ƙofar wurin wanki. Wace ce za ta dafa abin da zai mantar da ni macen da ta ci ƙanzona tana dariya?

Ina jin zafin abin da kika yi, ba zan ɓoye ba. Kwana goma sha ɗaya ina duba waya a lokacin hutu har Tsoho ya daina tambayata. Ina kewarki har cikin ƙashina, ina kuma fushi da ke, duka biyun a tukunya ɗaya.

Dogo, abokin aikina da zai kawo miki wannan takarda, zai ba ki leda da kwali biyu a ciki. Na farko naki ne ke da Gwaggo. Na san ku, ko kun karanta abin da na rubuta a sama ba za ku yarda a dafa shinkafa ba wanki ba, hannunku ba zai bari ba. Ku tsince ta, ku wanke ta sau uku, ku ba ta wuta yadda ya kamaci shinkafar mutunci. In kun sauke, ki kafa cokali a tsakiya, ki ɗauki hoto, ki ba Gwaggo ta sa tabarau ta faɗa mana ko hannun wane ne.

Kwali na biyu kuwa kada ki buɗe shi a gidan kowa. Ki kai shi ɗakinmu, ki buɗe tagogi, ki ɗora ruwa, sannan ki kira ni. Ina tashi aiki ƙarfe biyu. Ki jingina wayar a jikin gwangwanin gishiri inda zan ga tukunyar, ni kuma in zauna a bakin gado in ba da umarni, yadda kika yi mini kina cikin bargo. In kin rufe murfin muna da minti biyar da ba abin da za mu yi sai kallon juna. Duk abin da kike son tambayata ki tambaye ni a cikinsu, ina kallon idonki zan amsa.

Ni dai ina nan inda kika bar ni, ban karkata ba, ba kuma zan karkata ba, ko shekara nawa takardun zuwanki nan za su ɗauka kafin su fito. Kofi ɗaya nake aunawa kullum, na biyun yana kife a kan shiryayye yana jiranki.

Naki shi kaɗai, yau da gobe da ranar da za mu tsufa,
Ƙona-Ruwa, wanda yanzu ya iya.