Kujeru Uku, Ɗalibai Arba'in

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Umar Faruk,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti A'isha da yara can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya ƙara lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana leƙa gonar bayan gari, amma ta wajen Ruma bana ma an haƙura da ita saboda rashin tsaro.

Yaya, kullum ka tambaye ni karatu a waya sai in ce lafiya lau. Ba lafiya ba, bakina ne ke kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna Farfesa Lami, shugabar sashenmu na likitancin haƙori, wadda na cika maka kunne da labarinta. Ranar da muka shiga aji huɗu ta tara mu, ta ce burinta shi ne kada a yaye ɗalibin da hannunsa bai saba da bakin mutum ba, kuma kowace ƙaramar hukuma ta samu likitan haƙori nata. Ta sa kowa ya faɗi inda zai yi aiki. Na miƙe na ce Batsari da Safana, aka tuntsure da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Shekara biyu tana rubuta takarda a gyara kujerun da muke duba marasa lafiya a kai, shiru. Bayan ƙaramar salla ta ajiye aiki ta tafi Saudiyya. Malamai huɗu suka bi bayanta.

Wanda ya gaje ta ba shi da laifi a gaisuwa, amma hankalinsa na kan fenti da sabuwar ƙofar shiga. Kujeru goma sha biyu ne, uku ke aiki, mu kuwa arba'in. Kafin a bar ka ka zauna jarrabawar ƙarshe sai ka cire haƙora da dama, ka cike wasu, a gaban malami. Ni a wata biyar biyu na cire. Da yake ni ce shugabar aji, sau shida ina zuwa ofishinsa. A na ƙarshe ya ce shi ma umarni yake jira daga sama, in kuma na sake kawo masa koke da sa hannun ɗalibai zai ɗauke shi tawaye. Na fito, 'yan ajinmu suka ce an saye ni. Masu tantance makarantu suka zo suka duba, suka ce ba a yaye kowa sai an gyara. Ba wanda ya sa rana. Aka ce mu tafi gida.

An gaya maka ciwon wuya ne ajalin Gwaggo Hansai ta Darini. Yaya, haƙori ne. Ya ruɓe, aka kai ta wurin mai cirewa a kasuwa, ya karye a ciki. Ranar da na je, kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko miyau ba ta iya haɗiyewa. Na san sunan ciwon, na san shafinsa a littafi, ni na fi kowa maki a kansa. Amma ban taɓa tsaga irinsa ba, ban ma taɓa ganin an tsaga ba. Ta riƙe hannuna, da ƙyar ta ce a bar zancen mota, ai ga likitarsu ta zo. Na dage sai da aka sa ta a motar Katsina. A kan cinyata ta cika, ba mu ko shiga gari ba.

Na rubuta takardar sauka daga shugabancin aji. In an kira mu zan koma, don ban san wani abin yi ba, amma ina roƙonka ka daina ce wa mutane ƙanwarka likita ce. Ranar sadakar ukun Gwaggo, ɗanta Lawal ya same ni a zaure. Ba da faɗa ba, da gaske yake son sani, ya tambaye ni shekara takwas ɗin nan me ake koya mana.

Baba da Inna suna gaishe ka. Ka gaida Anti A'isha, ka shafa mini kan Faisal da Nana Hadiza. Ka sa Gwaggo a addu'a, ni ma kada ka manta da ni.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya.